Na ƙara ɗaga jarka a kan tattaki: wata biyar ke nan, ga abin da littafina ya nuna

Baban Sadiƙ: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta abin da kuke rubutawa ban tanka ba, yau dai na ce bari in kawo nawa a duba mini.

Shekarata 54, shekara shida ke nan da aka ce ina da suga, nau'i na biyu. Metformin nake sha safe da dare. Sana'ata ta zama ce, daga ƙarfe tara ina kan benci a shago har bayan la'asar. Shekara biyu cur ina tattaki bayan asuba, minti talatin zuwa arba'in, amma duk lokacin da aka yi mini gwajin nan na wata uku, HbA1c, sai ya fito 8.4, ko 8.2, ko 8.3. Kamar an kafe shi.

Abin da ya tayar mini da hankali ba lambar ba ce. Wata Juma'a ce, liman ya miƙe zuwa raka'a ta biyu, ni kuwa sai da na dafa ƙasa da hannu biyu, na dafa gwiwa, har sahu ya daidaita ban gama miƙewa ba. Da na koma gida na duba jikina da kyau. Wandona ya yi mini yawa a cinya, a ƙugu kuma ya matse. Cinyoyi sun tsotse, tumbi yana nan daram.

Likitana ya tura ni sashen gashin ƙashi, aka nuna mini abu biyar: tashi da zama a kan kujera ba tare da dafa komai ba, tura bango da hannu, ɗaukar ruwa a hannu biyu ana zagaya tsakar gida, jan roba da aka ɗaure a ƙarfen taga, da ɗaga dunduniya a tsaye. Asabar, Litinin, Laraba. Da galan mai lita huɗu na fara. Yanzu jarka biyu nake ɗauka, kowace da lita 12. Tattakin ban daina ba.

Na sayi littafin 'yan makaranta ina rubuta komai. Ga yadda abin ya kasance daga farko zuwa yau: gwajin safe kafin karyawa ya sauko daga wajen 165 zuwa wajen 135. HbA1c 7.4. Ƙugu daga santimita 104 zuwa 99. Tashi daga kujera a daƙiƙa talatin, da sau 9 nake yi, yanzu 15. Nauyi kuwa daga kilo 88 zuwa 87.5 kawai.

Tambayata biyu. Me ya sa sikeli ya ƙi motsi? Sannan wani aminina ya dage cewa ɗaga nauyi a shekaruna haɗari ne ga mai suga, in daina. Me kuka gani?

Maman Hanifa: Wa alaikumus salam. Masha Allah, Allah ya ƙara sauƙi Alhaji. Wannan maganar ta raka'a ta biyu ta taɓa ni, don ni yanzu a kujera nake yin nafila.

Alhaji Na-Gwammaja: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ina tare da aminin nan naka, kuma ba da ka nake magana ba. Shekarata 62, shekara goma sha ɗaya ina fama da wannan ciwo. Bara waccan ɗana ya kawo mini ƙarafuna gida ya ce in riƙa ɗagawa da safe. Kwana na huɗu, na yi kamar minti ashirin ban karya ba, sai zufa ta karyo mini, hannu yana karkarwa, idona ya rufe. A bakin rijiya uwargida ta same ni. Da ba ta jiƙa suga ta ɗura mini ba, da yanzu wani zancen ake yi. Tun daga ranar na ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ɗaga ƙarfe na samari ne. Mu namu tattaki da kiyaye baki.

Sista Mairo: Subhanallahi. Allah ya kiyaye gaba Baba. Don Allah wane magani kake sha a lokacin?

Alhaji Na-Gwammaja: Daonil da metformin, 'yata. Har yanzu su ne.

Sista Mairo: To Baba, nan gizo yake saƙa. Daonil, wato glibenclamide, yana matsa wa jiki ya fitar da insulin ko mutum ya ci abinci ko bai ci ba, kuma yana daɗewa yana aiki. Wanda yake shan shi, ko glimepiride, ko yake allurar insulin, idan ya yi aikin ƙarfi cikinsa babu komai, suga na iya faɗuwa warwas. Ko noma ka je yi a wannan halin, ko doguwar tafiya, abin da zai faru ke nan. Metformin shi kaɗai da wuya ya kayar da suga haka, shi ya sa Baban Sadiƙ yake yi lafiya lau.

Ƙa'idar da muke koya wa marasa lafiya: ƙasa da 70 suga ya faɗi. A sha abu mai zaƙi da ya kai giram 15, kamar cokalin shayi uku na suga a ruwa, ko rabin kofi na lemon kwalba wanda ba na masu suga ba. A jira minti 15 a sake gwadawa, idan bai hau ba a maimaita, sannan a ci abinci. Amma akwai abu ɗaya da nake so kowa ya riƙe: wanda ya suma, ba ya iya haɗiya, ba a ɗura masa ruwa a baki, zai iya shaƙewa. Asibiti ake kai shi da gaggawa. Mama ta yi sa'a kana iya haɗiya.

Kuma Baba ka gaya wa likitanka wannan labarin in ba ka gaya masa ba. Ga masu shekaru, likitoci kan so su sauya glibenclamide da wani saboda irin wannan faɗuwar.

Alhaji Na-Gwammaja: Ban taɓa gaya masa ba. Na ɗauka laifin ƙarfen ne.

Likitan Gashi: Salamu alaikum. Aikina ke nan, bari in sa baki, kuma zan ɗan yi tsawo, a yi haƙuri.

Alhaji Baban Sadiƙ, in fara da dalilin da ya sa aka ba ka wannan aikin. Idan mutum ya ci tuwo, sugan da ya shiga jini yana bukatar inda zai sauka. Babban masaukinsa tsoka ne. Kaso mafi yawa na sugan da insulin yake kwashewa daga jini, wajen kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari, cikin tsoka yake shiga. A ciwon suga nau'i na biyu, insulin yana ƙwanƙwasa ƙofa amma tsoka ba ta buɗewa yadda ya kamata. To ikon Allah, tsokar da take aiki tana da wata hanyar buɗe ƙofar da ba ta jiran insulin. Akwai wasu 'yan dako a cikin ƙwayar tsoka, masana suna kiran su GLUT4, da zarar tsoka ta fara murɗawa sai su fito bakin ƙofa su riƙa shigar da suga. Bayan an gama ma, tsokar takan kwana ɗaya zuwa biyu tana jin maganar insulin fiye da da. Shi ya sa ake cewa kada a wuce kwana biyu a jere ba a motsa ba, don amfanin yana gushewa.

Sannan tsoka tana zaizayewa da shekaru, tun daga wajen shekara talatin, kuma ta mai suga ta fi saurin tafiya. Cinyar da ka ga ta tsotse, rumbun ajiyarka ne ya ƙanƙance. Tattaki yana da kyau ƙwarai ga zuciya da numfashi, amma ba ya tilasta wa tsoka ta ƙaru kamar yadda nauyi yake yi.

An gwada wannan a bincike. A 2007 an wallafa wani da aka yi a yankin Ottawa ta Kanada da mutum 251 masu suga nau'i na biyu. Aka raba su huɗu: masu tattaki ko keke, masu ɗaga nauyi, masu haɗa biyun, da waɗanda ba su yin komai. Bayan wajen wata shida, kowane ɗaya shi kaɗai ya rage HbA1c, amma masu haɗawa su suka fi kowa. A 2010 aka wallafa wani daga Luwiziyana ta Amurka, mutum 262, wata tara, nan ma masu haɗa biyun ne suka fito da bambanci na a zo a gani. Don haka Ƙungiyar Ciwon Suga ta Amurka take ba da shawarar minti 150 na motsa jiki a mako, da kuma aikin ƙarfafa tsoka sau biyu zuwa uku a ranakun da ba sa jere. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana cewa aƙalla kwana biyu a mako ga duk baligi, har da tsofaffi.

Batun sikeli kuwa, shi jimla kawai ya sani. Bai san kitse ba, bai san tsoka ba, bai san ruwa ba. Ƙugunka ya ragu da santimita biyar, ƙarfinka ya ƙaru, nauyi yana nan. Kitsen ciki ne ya ragu, kuma shi ne mugun, wanda yake kewaye da hanta da hanji. Ni a wurina tef ɗin tela ya fi sikeli faɗa maka gaskiya. Hanya mai sauƙi: ƙugu kada ya wuce rabin tsawonka. Mai tsawon santimita 172, ya nemi ƙugunsa ya dawo ƙasa da 86. Kana da sauran tafiya, amma ka kama hanya.

Baban Sadiƙ: Allah ya saka da alheri Likita. Tsawona 174, ka ga ashe da sauran aiki. Zan karanta wa maiɗakina wannan, don ita kullum sikelin take kallo.

Abba Mai Ƙarfe: Gaskiya Baba ka burge ni. Amma jarka ba za ta kai ka ko'ina ba. Ka zo gidan motsa jiki a ɗora maka ƙarfe na sosai, kilo 40, 50, ka riƙa shan garin furotin bayan ka gama. Wata uku za ka jefar da magani. Na ga waɗanda suka yi.

Sista Mairo: Abba, don girman Allah kada ka sake cewa mutum ya jefar da magani. Akwai masu karantawa da za su ɗauka. Gadajen ɗakinmu cike suke da waɗanda suka ji sauƙi suka ajiye magani, suka dawo da gyambo a ƙafa ko ƙoda ta taɓu. Rage magani yana yiwuwa, ina ganin ana yi, amma likita ne yake ragewa bayan ya ga lambobi.

Likitan Gashi: Abba, ƙarfe ba laifi ba ne, wanda yake da hali da lafiyar zuwa ya je. Amma tsoka ba ta san bambancin ƙarfe da ruwa ba, nauyi kawai ta sani. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, jarka mai lita 25 kilo 25 ce, kuma ta fi ƙarfe sauƙin ƙari, kofi biyu za ka zuba. Ma'aunin shi ne mutum ya samu nauyin da zai iya yi sau 10 zuwa 15, na ƙarshen su ba shi wuya amma bai karkace ba. Idan ya kai yana yin 15 cikin sauƙi mako biyu a jere, sai ya ƙara kaɗan.

Abin da nake tsoro a maganarka shi ne mutum mai shekara hamsin da wani abu, mai suga, wataƙila da hawan jini, a ɗora masa kilo 50 rana ɗaya. Zai riƙe numfashi ya yi nishi, jini ya yi tsalle. Idan suga ya riga ya taɓa jijiyoyin bayan idonsa, sababbin jijiyoyi masu rauni da suke tsirowa a wurin suna iya fashewa, ido ya cika da jini. Mutum yana iya samun wannan matsala yana gani garau bai sani ba. Shi ya sa kafin a fara nauyi mai yawa, a je a ɗiga magani a buɗe ido a duba bayansa, a auna hawan jini, a duba ƙoda. Mai ciwon ƙirji ko haki idan ya hau bene, sai an duba zuciyarsa tukuna. Kuma koyaushe a fitar da numfashi lokacin ɗagawa. Ni nakan ce su riƙa ƙirgawa da baki, wanda yake ƙirga a fili ba zai iya riƙe numfashi ba.

Garin furotin kuma, wanda ƙodarsa ta fara rauni kada ya taɓa sai da izinin likita. Mai lafiyar ƙoda, wake da awara da ƙwai da kifi da nono marar suga da gyaɗa sun ishe shi.

Abba Mai Ƙarfe: Na karɓi gyara. Batun ido wallahi ban sani ba. Amma dai ku yarda nan gaba jarkar za ta yi masa kaɗan.

Likitan Gashi: Ranar da ya cika jarka biyu yana zagaya gida da kilo 50, sai mu miƙa maka shi.

Sarkin Noman Ƙaraye: Ni fa akwai abin da ban gane ba. In dai aikin ƙarfi magani ne, me ya sa mu manoma muke kamuwa? Tun ina yaro nake riƙe da fartanya, ga shi shekara uku ina shan magani. Yayana ma haka. Ina ga abin gado ne kawai, ba ruwansa da jarka.

Sista Mairo: Gadon gaskiya ne Sarki, yana da ƙarfi sosai a wannan nau'in. Aiki yana rage haɗari, ba ya kore shi. Amma in tambaye ka, yaya lambobinka suke da damina, yaya suke da rani?

Sarkin Noman Ƙaraye: Ban taɓa lura ba. Amma da kika faɗa, lokacin noman farko da maimai jikina ya fi sakewa, fitsarin dare ma yana raguwa. Da an gama girbi an shiga zaman majalisa sai abin ya dawo.

Sista Mairo: To ka ba kanka amsa. Wata huɗu kana aiki, wata takwas kana zaune, tuwon kuma malmalarsa ɗaya ce. Ka rubuta gwajin safe na wata biyu yanzu, ka sake rubutawa da damina, ka kai wa likita. Wataƙila ma maganin da ya dace da kai da rani ya yi maka yawa a lokacin noma. Ka riƙa tafiya gona da ƙwayar suga a aljihu.

Maman Hanifa: Ni tambayata ta mu mata ce. Ba na fita tattaki, unguwarmu ba a saba ba, kuma maigida ba zai so ba. Da can muna daka, muna jan ruwa a rijiya, muna wanki a tsugune. Yanzu inji yake niƙa, famfo yana tsakar gida, yara suna shara. Shekarata 47, gwiwa tana ciwo, suga na safe 180. Daga ina zan fara? Kada a ce mini jarka, ko bokiti ba na iya ɗagawa yanzu.

Hajiya Ladidi: Ƙanwata, ni na girme ki da shekara goma, kuma a ɗakina nake yin nawa, ƙofa a rufe. Da bakin gado na fara, don ya fi kujera tudu. In zauna, in miƙe, in zauna, sau biyar, ina dafa cinya. Mako uku kafin na saki hannu. Gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi guda biyu nake ɗagawa sama ina zaune. Jikata ta samo mini tsohuwar robar cikin tayar keke wajen mai faci, muka wanke ta muka ɗaura a ƙafar gado, ina ja kamar mai jan guga. Bayan abincin rana kuma ba na kwanciya, ina zagaya tsakar gida minti goma, daga ƙofar kicin zuwa zaure, carbi a hannu.

Kwana biyun farko cinyoyina sun yi tsami har na ce na ji ciwo. Ashe haka yake yi, kwana uku ya sake ni. Yanzu wata takwas, na bar kujera a sallar farilla. Ranar da goshina ya sake taɓa ƙasa sai da na yi kuka a kan darduma.

Maman Hanifa: Allahu akbar. Yaya Ladidi kin ba ni ƙarfin gwiwa. Yau da la'asar zan gwada na bakin gadon.

Likitan Gashi: Hajiya ta faɗi duk abin da zan faɗa. Ƙari ɗaya: tsamin tsoka da yake zuwa washegari ya tafi cikin kwana biyu ko uku ba komai ba ne. Amma ciwo mai suka a cikin gaɓa, ko gwiwa ta kumbura, wannan a tsaya a nuna. Kuma kowa ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu bayan ya gama. Mai suga da ƙafarsa ta fara mutuwa zai taka ƙusa bai ji ba. Kada a yi ɗaukar jarka da silifas ko ƙafa ba takalmi.

Ɗan Maraɗi: Ina gaida manya. Ni lambobinku ne suke rikita ni. Ku ce 135, ku ce 180. Mu nan takardar asibiti 1,40 take nunawa. Ina cikin haɗari ne ko yaya?

Ɗan Zangon Kumasi: Mu kuma nan 7.5 ko 8 muke gani.

Sista Mairo: Duk abu ɗaya ne, mudun ne ya bambanta. Na Nijar giram ne a lita, irin na Faransa, sai ka ninka da ɗari: 1,40 shi ne 140. Na Gana kuma, da wasu asibitocinmu na Najeriya, ka ninka da 18: 7.5 shi ne 135. Abin da akan nema ga yawancin manya shi ne 80 zuwa 130 da safe kafin a ci komai, da ƙasa da 180 awa biyu bayan fara cin abinci, HbA1c kuma ƙasa da 7. Ga tsoho ko mai yawan faɗuwar suga likita yakan sassauta. Duk mai rubutawa ya rubuta da mudu ɗaya, kada ya gauraya.

Malam Habu Tela: Duk na ji, amma ku faɗi gaskiya, wannan rubuce-rubucen na masu hali ne. Kuɗin sitirip ɗin gwaji kaɗai ya isa ya hana mutum. Ni gwangwani ɗaya sai in yi wata huɗu ina lallaɓa shi. Ta yaya zan gwada kafin motsa jiki da bayan motsa jiki da safe da dare?

Baban Sadiƙ: Malam Habu, nima ba kullum nake gwadawa ba, ba zan iya ba. Sau uku a mako ne. Biyu da safe, ɗaya kuma ina juya shi: wannan makon bayan abincin rana, mako mai zuwa bayan na dare. Sati biyun farko ne kawai na gwada kafin jarka da bayanta don in san yadda jikina yake amsawa. Sauran abin da ke littafin kyauta ne. Kai da kake da tef a wuya ma ka fi mu. Ƙugu sau ɗaya a wata, daidai cibiya, da safe, bayan na saki numfashi. Kujera sau ɗaya a wata, Sadiƙ yana riƙe da agogon waya. Kowace ranar aiki in rubuta lita nawa, zagaye nawa.

Kuma littafin ya nuna mini abin da ban zata ba. Duk safiyar Asabar lambata tana hawa, 155, 160. Na rasa dalili sai da na jera su. Ashe daren Juma'a ne, gidan yayata muke cin abinci, tuwon shinkafa malmala biyu da kunun aya, ga shi Alhamis da Juma'a ba na taɓa jarka. Da ka ne kawai da ban taɓa kama shi ba. Likitana ma da na miƙa masa littafin ya fi minti biyar yana juya shafi, da can kuwa tambaya biyu yake yi mini ya rubuta magani.

Malam Habu Tela: To wannan da sauƙi. Sau uku a mako zan iya ƙoƙartawa.

Sista Mairo: Malam Habu, gwangwanin da yake wata huɗu a buɗe, ka duba takardarsa, wasu suna da wa'adi bayan an buɗe. Ka riƙa rufe shi ruf, kada ka bar shi a mota ko kusa da dutsen guga, zafi da laima suna lalata shi ya riƙa ba ka lambar ƙarya. A wanke hannu kafin a huda, wanda ya taɓa dabino ko mangwaro zai ga lamba ta tashi ba gaira ba dalili.

Sannan batun HbA1c, akwai abin da ya shafe mu musamman. Gwajin yana auna sugan da ya manne a jajayen ƙwayoyin jini ne, waɗanda suke rayuwa kamar kwana 120. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, wato yana ɗauke da gadon sikila, kuma wasu injinan gwajin suna kuskure a kan mai AS. Mai SS kuwa, ko wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan, ko mai ƙarancin jini sosai, ba a dogara da shi. Idan HbA1c ɗinka ya saɓa da abin da littafinka yake nunawa, ka faɗa wa likita ko kai AA ne, ko AS, ko SS.

Ummi T1: Ni nau'i na ɗaya gare ni tun ina shekara 13, insulin nake yi. Abu biyu na koya da jikina. Ranar da na ɗaga nauyi sosai, suga yakan hau bayan na gama maimakon ya sauka, na tsorata da farko, sai likita ta ce sinadarin firgici ne yake sa hanta ta saki suga, zai sauko da kansa, kada in yi saurin ƙara allura. Na biyu ya fi haɗari: faɗuwar tana iya zuwa cikin dare, awanni bayan an gama. Ranar motsa jiki dole in gwada kafin in kwanta. Kuma ba na yin allura a cinya idan zan yi aikin ƙafa, a ciki nake yi, don ta cinyar tana saurin shiga jini. Idan na ga sama da 250 kuma jikina ba daɗi, ranar hutu ce.

Ɗan Maraɗi: Da azumi fa? A ajiye gaba ɗaya?

Likitan Gashi: Ba a ajiyewa, lokaci ake sauyawa. Kada a yi da yamma gab da shan ruwa, nan ne suga ya fi ƙasa, jiki kuma ya bushe. A bari sai bayan buɗa baki da awa ɗaya ko biyu, a rage yawa, tarawihi ma tana cikin lissafi. Mai azumin da ya gwada ya ga ƙasa da 70 ko sama da 300 ya karya, wannan ita ce ƙa'idar likitoci, kuma malamai da dama sun yi bayani cewa huda yatsa don gwaji ba ya karya azumi. A ga likita tun cikin Rajab ko Sha'aban a daidaita magani.

Alhaji Na-Gwammaja: Na karanta duka tun daga sama. Har yanzu ina nan a kan cewa ba kowa ne zai ɗauki jarka ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma bayan azahar, da na ci abinci, na sa jikana ya riƙe agogo na gwada na kujerar nan. Sau 7 na yi, na ƙarshen da ƙyar. Likita, nawa ya kamata mai shekaruna ya yi?

Likitan Gashi: Ranka ya daɗe, a ma'aunin da muke amfani da shi, namiji mai shekara 60 zuwa 64 da ya yi ƙasa da 14 ƙafafunsa suna bukatar aiki, kuma yana cikin haɗarin faɗuwa. Ba jarka za ka fara da ita ba. Kujerar nan dai, jingine da bango don kada ta zame, sau biyar, ka huta, ka sake biyar, awa ɗaya bayan cin abinci, suga a kusa da kai, wani yana gida. Amma ka fara ganin likitanka kan maganin.

Alhaji Na-Gwammaja: Ranar Talata nake da ganin likita. Zan gaya masa zancen bakin rijiya, in ce a duba mini ido. Baban Sadiƙ, ɗauko mini hoton shafi ɗaya na littafin nan naka in ga yadda ka ja layukan.

Baban Sadiƙ: To Yaya, bari in rufe shago in isa gida, yana cikin durowar gado. Layi shida ne, na bakwai na bar shi don abin da na ci da dare.